Kaset ɗin Ba Ajimi

Daga bakin kakarta ne Gumsu ta fara jin sunan Ba Ajimi, mai jitar nan da aka taɓa ɗaurewa don ya caccaki masu mulki a waƙa. Yanzu ga shi a kasuwar Gamboru, gemu fari fat, hula ta koɗe, yana naɗe zaren tsohon kaset ɗin waƙoƙinsa da biro. Kusa da shi samari na tura waƙoƙin yabon masu kuɗi a waya. Ba mai kallonsa, shi ma ba ya kallon kowa.

Ga alama kaset ɗin kaɗai ya rage masa, zaren kuma ya fara tsinkewa.

Sau ɗaya ya taɓa yi mata magana: "’Yata, ki zuba mini wannan a wayarki. Ba sai kin saurara ba."