Gawar da Mama Ta Wanke

A Daura aka haife ni, a ɗakin bayan shagon mahaifina, kuma Daura muka dawo bayan yaƙin basasa, ni da Mama da yayana da 'ya'yana mata biyu. Baba bai dawo tare da mu ba, mijina ma haka. Can Gabas muka baro su a ƙasa.

Mama 'yar Katolika ce ta gasken gaske. Da ladan ya kira assalatu ita ma za ta tashi ta durƙusa da carbinta, ta ce Allah ya ba ta agogo kyauta. A cinyarta jikokinta suka koyi yin alamar gicciye tun ba su iya ɗaura zane ba. Ta shekara fiye da ashirin a ƙasar Hausa, amma har ta rasu ba ta bambanta "shi" da "ita" ba, matan unguwa su yi ta dariya, ita ma tana taya su. Duk da haka in haihuwa ta zo da gardama, ita ake aika wa.

Cocinmu a lokacin ɗaki ne na ƙasa mai rufin kwano. Fada, wato limaminmu, sau ɗaya a wata yake zuwa daga nesa, sauran Lahadi katikis, wato mai koyar da addini, ke jan addu'a. Mama ke share ɗakin, ita ke wanke farin ƙyallen bagadi, ita ke shugabantar ƙungiyar mata. In mace ta rasu a cikinmu, ita ke yi mata wanka.

Sai kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Kowa ya sayi babur, yayana kuwa kayan gyaran babur yake sayarwa. Daga Mashi, daga Mai'adua, daga Baure ake zuwa shagonsa. Cikin shekara biyu ya yi tumbi, ya sayi mota, aka sa shi a kwamitin da zai gina sabon coci na siminti. Shugaban kwamitin mai sayar da taya ne. Mutanen da a da Mama ke bi shago shago tana roƙon su zo addu'a, su ne suka zama masu faɗa a ji.

Akwai wata yarinya 'yar wajenmu da ke aiki a gidan giya a bayan tasha. Ba ta wuce shekara ashirin da biyu ba, kuma kowa ya san ba giya kaɗai ake sayarwa a gidan ba. Ba ta zuwa coci ranar Lahadi. Ranar Asabar da hantsi take zuwa, lokacin da Mama ke shara, ta durƙusa can baya, ta rufe kanta da ɗankwali. In ta gama sai ta karɓi tsintsiya daga hannun Mama. Yaƙi ya cinye iyayenta, wani ya kawo ta Arewa da sunan zai koya mata ciniki. Abin da na sani ke nan game da ita.

Da bazara, ana tsananin zafi, sanƙarau ya kama ta. Kwana biyu ta yi ta rasu. Mai gidan giyar ta aiko wa Mama cewa a zo a ɗauke gawa, don masu shigowa suna tsoro.

Mama ta ce in ɗauko kwano da sabulu in biyo ta. Muka fara biyawa wurin ginin sabon coci don karɓar mabuɗin makabarta. 'Yan kwamiti suna zaune gindin dogon yaro suna kallon magina, yayana a cikinsu.

Shugaban ya saurari Mama, ya kaɗa mabuɗin motarsa a yatsa, ya ce, "Mama, wannan ba tamu ba ce. Wa ya taɓa ganinta a coci?"

"Ni na gan ta. Duk Asabar."

"Asabar ba Lahadi ba ce. Kin san sana'arta. In muka binne ta kusa da matanmu, me mutanen gari za su ce da mu?"

Mama ta dubi katikis. Ya sunkuyar da kai, ya ce sai Fada ya zo ya yanke hukunci. Saura mako uku Fada ya zo, ga rana tana dukan kwano kamar wuta.

Sai ta juya ga ɗanta. "Kai ma haka ka ce?"

Yayana ya ce, "Mama, ki koma gida. Cutar nan ana ɗauka. Kada ki ja mana abin kunya."

Abin kunya! Har yau ban manta kalmar nan ba. Mutum bakwai ne a gindin bishiyar, kuma aƙalla biyar na san inda motocinsu ke tsayawa da yamma in an rufe shago. Ta isa ta zuba musu giya, ta isa su ja mata hannu, amma ba ta isa ta kwanta cikin ƙasa ɗaya da su ba. Na buɗe baki zan faɗa musu haka, Mama ta matse mini hannu har sai da na ji zafi.

Muka sami gawar yarinyar a wani ɗaki kamar akurki, an yafa mata buhu. Mama ta ɗaure hancinta da ɗankwali, ta ce in tsaya daga ƙofa saboda yara, in riƙa miƙo ruwa. Ita kaɗai ta wanke ta, ta tsefe mata kai, ta naɗe ta da farin zanen da ta ajiye don ranar buɗe sabon coci.

Maƙwabcinmu, wani dattijo mai amalanken shanu da muke kira Malam, shi Mama ta je ta samu. Ya ji bayani, ya ce, "Ikon Allah. To Mama, ai ba a bar ɗan Adam a yashe ba." Ya je ya shaida wa mai unguwa, aka nuna mana wuri a bayan shingen makabartarmu, daga waje. Shi da ƙannensa biyu suka haƙa kabarin, ƙasa ta bushe kamar dutse. Da suka sa ta, sai suka ja gefe suka juya baya, suka bar Mama ta yi addu'arta. Ta yayyafa ruwa mai tsarki daga wata 'yar kwalba, muka karanta addu'ar Ubanmu da ta Gaisuwar Maryamu, mu biyu rak.

Ranar Lahadi katikis ya karanta sanarwa: an sauke Mama daga shugabancin mata saboda ta bijire wa kwamiti, ta kuma shigo da waɗanda ba Kirista ba cikin sha'anin coci. Matar mai taya ce ta maye gurbinta. Babu mace ɗaya da ta ɗaga murya, cikinsu har da waɗanda Mama ta yanke wa 'ya'yansu cibi. Mama ta ɗauki jikokinta ta koma bencin baya. Ranar Asabar kuma ta ɗauki tsintsiyarta ta tafi shara.

Da Fada ya zo, ya bi Mama ya sa wa kabarin albarka, ya yi wa'azi mai daɗi a kan jinƙai, bai kama sunan kowa ba. Ana daf da rufa sabon ginin, kwanon kuwa daga hannun su wa zai fito? Ba a mai da Mama kan kujerarta ba.

Na daina zuwa coci wata uku. Wannan ya fi ɓata mata rai fiye da duk abin da suka yi. Ta ce, "Ke don su kike zuwa?" Kowace safiya tana sa sunayensu ɗaya bayan ɗaya cikin addu'a, ina jin ta daga ɗakina, ina cizon leɓe.

Shekara huɗu bayan haka Mama ta rasu, da damina. Coci ya cika, Malam da matan unguwa suka tsaya a waje har aka gama. Mai taya ya miƙe da babbar riga ya yi jawabi, ya kira ta uwar marayu, ya ce ba ta taɓa ƙyamar kowa ba, har yana share ido.

Bayan an watse na sami yayana a gindin motarsa, na ce ina so a matsar da shingen makabarta kamu huɗu kawai, yarinyar nan ta shiga ciki.

Ya ce, "Wace yarinya?"

Na dube shi sosai, na ga ba wasa yake ba. Da gaske ya manta.