Ranar da Malam Barau Ya Kwance Gada

Duk ƙauyenmu, can bayan Yankara, ba mai son rediyo kamar Malam Barau. Da ita yake zuwa gona, da ita yake zuwa zaman makoki, har matarshi Inna Suwaibatu ta ce in ya mutu sai an nemo batir kafin likkafani. Manomin masara ne na gaske, ba a raina hannunshi. Matsalarshi ɗaya: gonar tana ƙetaren rafi, gida da kasuwa suna wannan gefe. Abin da ya haɗa su gadar azara ce da muka ɗora shekarun baya, muka shimfiɗa mata kara da jar ƙasa. Tana rawa in amalanke ya hau, amma dai tana ƙetarar da mutum.

Shi kwalbati yake so, ta siminti. Shekara uku yana bin ta. Ya fara da ofishin ɗan majalisar da muka tura Abuja, aka ce mashi 'yar hanyar ƙauye ba ta tarayya ba ce, ya nemi na jiha. Ya dawo yana huci. Muttaka, ƙanin matarshi wanda ya yi masinja a sakatariya har ya yi ritaya, shi ya rubuta mashi takarda, Malam Barau ya kai wa ɗan majalisar jiha hannu da hannu, har da cire takalmi.

To, bara da kaka, ya gama karyar masara ya tara ta a gona, sai rediyo ta ambaci sunan ƙauyenmu. Wai majalisar jiha ta amince da ƙudiri, ta yi kira ga ɓangaren zartarwa da ya gina kwalbati a rafin nan. Malam Barau "ta amince" kawai ya ji. A saninshi, in hakimi ya ce ya amince, gobe aiki ne. Kuma mu nan ba a barin manyan baƙi su tarar da wuri da tarkace. Washegari ya ɗaura wa bijimanshi biyu igiya, ya janye azarar nan ɗaya bayan ɗaya, ya jibge su gindin tsamiya, ya share bakin rafi fes.

Ya saka farar riga ya zauna jiran tifa. Kwana shida. Ko babur ya ji sai ya miƙe ya gyara hula. Rana ta bakwai ruwan ƙarshen damina ya sauko, rafi ya cika ya batse, masara tana can tana shan duka, shi yana nan yana kallonta.

Muttaka ya iso da wando a naɗe, ya dubi inda gada take da, ya riƙe baki.

"Yaya, wa ya aike ka?"

"Majalisa ta amince! Da kunnena na ji."

"Majalisa tana da tifa ne? Ko ka taɓa ganin Kakakin majalisa da shebur?"

"To me suke yi a can, in ba aiki ba?"

"Doka suke yi. Wanga da ka ji kira ne, roƙo ne da babbar murya. Sai an saka kwalbatin cikin kasafin kuɗi, su duba su amince, gwamna ya sa hannu, ma'aikatar ayyuka ta ba ɗan kwangila. Sa'an nan su biyo baya su ga ko an yi."

"Yaushe ke nan?"

"Kasafin baɗi, in Allah ya sa ta shiga."

"Baɗi! Masarar tawa fa?"

"Ka kunna mata rediyo ta ji an amince."

Inna Suwaibatu kuwa tuwo ta tuƙa mashi ɗan mitsitsi, ta ce sauran yana ƙetare.

Bayan la'asar ya zo ƙofar masallaci neman gayya, kanshi ƙasa. Mu kuwa mun sha wuya, mata kwana bakwai suna dogon zagaye kafin su kai niƙa ƙetare. Lawwali mai shayi ya hau benci ya buga ludayi a butar shayi, ya ce shi ne Kakaki, mai ƙorafi ya gabatar da ƙudiri. Malam Barau ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya ce yana roƙon a maida gada.

"Waɗanda suka amince su ce e!"

Muka ce e, har tsuntsaye suka tashi daga tsamiya. Sai kowa ya koma ya zauna.

"Ku tashi mana! Hadari na haɗowa!"

"A'a, Malam," in ji Lawwali, "majalisa ta amince. Kai ne zartarwa. Je ka fara, kwamitin sa ido na tafe."

Haka ya je shi kaɗai ya ɗaura bijimai, ya ja azara biyu cikin taɓo, farar rigar nan ta koma kalar kunun kanwa, yana surfa wa rediyo zagi. Da muka ga ya jigata muka tashi muka kama mashi. Kwana biyu gada ta tsaya, ta ma fi da ƙarfi. Masara ta ƙetaro, amma ta ƙasan tarin ta riga ta tsiro, awaki suka ci rabonsu. Sauran ya kai Yankara ran kasuwa.

Yanzu duk garin Zartarwa ake kiranshi, yara ma Baba Zartarwa. Ya matsa wa Muttaka ya rubuta wata takardar, wai lokacin duba kasafi zai tafi Katsina da kanshi ya ji ko ta shiga. Inna Suwaibatu ta ce ya tafi lafiya, amma igiyar bijiman tana ƙarƙashin gadonta, kuma ba za ta fito ba sai ta ga siminti da idonta.