Ciwon Yaya Sanda Ba Kuturta Ba Ne

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Sanda, tela a kasuwar Bodinga. Rumfa ɗaya muke ɗinki da shi, kuma ni na fara kiran ciwonsa da sunan da ba nasa ba.

A zamanin mulkin farar hula na biyu ne tabo fari-fari mai ƙaiƙayi ya fara fito masa a baya da cinya. A wajenmu irin wannan tabo suna ɗaya gare shi: kuturta. Ban jira likita ba, na ware masa kwano da buta, na kuma kai labari ga surukansa a Dandin Mahe. Kafin kasuwa ta ci sau uku, ba mai kawo masa yadi. Kekena ne ya cika da aiki, a shekarun da ko sabulu sai an bi layi.

Ma'aikacin duba kutare a Shagari ya soka masa allura a tabon, Yaya ya zabura. "Kuturu bai jin wanga," in ji ma'aikacin, ya tura mu Sakkwato. Can aka yanki ɗan fatarsa don gwaji. Ni kaɗai na koma karɓo sakamako. Likita ya yi mini bayani a hankali: ciwon daga fararen ƙwayoyin jini ya taso, masu tsaron jiki. Wasunsu ne suka yi ta hayayyafa ba ƙa'ida, suka taru a fata. Ba a ɗaukarsa, ko da kwano ɗaya ake ci.

Da na dawo ya ce, "Audu, mi anka ce?"

Na ce, "Sun ce a yi ta haƙuri, Yaya."

Ya yi dariya. "Wanga ai ko tsohuwa ta iya hwaɗa mani, ba sai an shiga mota ba."

Kunyar janye maganata ce ta rufe mini baki, da kwaɗayin aikin da ya dawo hannuna. Ya ƙara shekara biyu yana cin abinci shi kaɗai.

Yanzu kuturtar ma warkar da ita ake yi, masu irin ciwonsa kuma an ce sukan daɗe da kulawar asibiti. Da yana nan, na san zai zolayi masu ɗinkin yau, ya ce wuyan rigarsu ya karkace. Ko kuturtar ce, bai cancanci abin da na yi masa ba.

Har gobe tsofaffin Bodinga na yabon ɗinkinsa, amma jikokinsa ana ce musu jikokin kuturu. Watan jiya na tara 'ya'yansa na faɗa musu gaskiya. Babbar, Hajiya Luba, ta ce, "Baffa, gari kah hwaɗa ma ƙarya. Gari za ka hwaɗa ma wagga."

To, ga shi na faɗa. Allah Ya jiƙan Sanda.