Ranar da Bakin 'Yata Ya Buɗe

Ni dai har yau in aka ce tatsuniya sai in ji zuciyata na tashi.

Shekarar da surukata ta zo mana Sri Petaling, unguwar da muke zaune a ƙasar waje, zance ɗaya ya kawo ta: jikarta. Yarinya 'yar shekara tara, ka ce mata "zo nan" ta ce maka "boleh lah", wato "to" da yaren ƙasar. Hajiya ta rantse in dai haka tarbiyyar tamu take, da ita za ta koma Kano. Ni kuwa ita kaɗai Allah ya ba ni.

Ana cikin haka malamar maigidan a jami'a ta ba shi tikitin silima guda uku. Wai wasan waƙa ne na ban dariya da aka ɗauko daga Turai, a kan tatsuniyar Girkawa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, bari Hajiya ta ga mu ma ba mu yar da tatsuniya ba. Shi ya fake da karatu, muka tafi mu uku.

Tir! Ashe gumakansu ne. Babbansu wani tsohon banza mai tumbi, ba shi da aiki sai bin matan mutane. Mata na tsala ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa, wai waƙa ke nan. Can sai ga wasu suna cilla ƙafa sama, siket har ka. Ga sanyin ɗaki, ga ni sharkaf da gumi.

Hajiya ta juya wajen jikarta. Ta taɓa ta: "Ke, me suke cewa?"

Ga fassarar Turanci a ƙasan allo. Na harari yarinyar, na mintsine ta, ina! 'Yar da muka yi wata biyu muna fama ta gaida kakarta da Hausa, ranar bakinta ya buɗe.

"Hajiya, cewa ya yi tunda mijinki ba ya nan ki buɗe mini ƙofa. Ita kuma ta ce ya bari ta kashe fitila tukuna."

Tana faɗa tana ƙyalƙyala dariya, Hausa tar, ko gargada babu.

Har muka hau jirgin ƙasa na LRT Hajiya carbinta kawai take ja. Sai da muka sauka ta dube ni.

"Ki yafe mini, na ɗauki alhakinki. Ashe ta iya Hausa. Saura kunya, ita kuma ni zan koya mata."

Bayan sati biyu, ni na haɗa wa 'yata akwatin tafiya Kano da hannuna.