Ranar da Kamarawa Ta Tono Injinanta

Sakkwato

Ana sallame sallar asuba na rataya jaka na nufi tasha, ko koko ban tsaya sha ba. Maganar maƙwabcina Malam Sanusi ce ta taso ni. Yana cikin masu tsara rabon ruwan gulbinmu tun daga sama har ƙasa. Ya ce yanzu doka ta hana kowa jan ruwa yadda ya ga dama. Sai an auna amfanin da kowane yanki ke samu, na sha, na dabbobi, na lambu, na masunta, sannan a yanka wa kowa rabonsa. To da suka je garinmu Kamarawa ƙidaya, sai aka ce musu ba mai noman rani sai 'yan tsofaffi masu ban ruwa da ƙwarya.

Na ce, "Kamarawa? Inda wana Ummaru kaɗai ke da injin ban ruwa biyu?"

Ya ce, "Mu dai ko tiyo ba mu gani ba, don haka ɗan kaɗan muka rubuta muku. Jibi za mu koma zagaye na ƙarshe, don doka ta ce sai an saurari masu ruwa. In aka rufe tsarin kuwa, sai bayan shekaru."

Albasar Yaya Ummaru ce ke riƙe da gidanmu, da Innarmu da marayun ƙanenmu. Na yi ta kiran waya, babu sabis. Na ce wa maiɗakina za ni gida.

Goronyo zuwa Sabon Birni

Motar ƙarama ce, an cusa mu biyu a gaba, huɗu a baya, kuɗin kuma ya kusa ninka na bara. A Goronyo muka tsaya na sayi ƙosai mai zafi. Daga nan shingaye suka fara yawa, a sauke gilashi, a leƙa, a ce Allah ya kiyaye. Da muka doshi Unguwar Lalle hira ta mutu don tsoron 'yan bindiga, kowa bakinsa na motsi da addu'a. Sai da muka wuce lafiya direba ya sauke ajiyar zuciya, ya dubi ƙafata.

"Malam, wanga takalmi naka sabo ne? Shafa mai ƙasa. Nan ko akuya ka saya, cewa kake ta maƙwabci ce."

Aka yi dariya, ban da ni. Nan take na gane inda injinan garinmu suka shiga.

A Sabon Birni na yi azahar, na ci shinkafa da wake da mai da yaji a bakin kasuwa, sannan na hau babur zuwa Isa, daga nan sai garinmu. Wallahi har yau kwankwasona bai yafe wa hanyar nan ba.

Kamarawa

Bayan la'asar na isa. Na tarar da Yaya Ummaru a zaure yana gyaran igiya. Ko gaisuwa ba mu gama ba na tambaye shi ina inji.

Ya yi murmushi irin na wanda ya ci kasuwa. "Suna ƙasa. Da munka ji masu alƙalami za su dawo, kowa ya sake gina rami ya sa nashi, anka rufe da kara. Wancan karon ma hanyar bayan gari munka bi da su, ba su ga ko kwamin lambu ɗaya ba."

Na ce, "Innalillahi! Yaya, kun binne abincinku da hannunku."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce boko ya cinye mini kai. Tun zamanin jangali kakanmu ke kora shanu daji in ya hango mai ƙirga, kuma bai taɓa yin nadama ba. "Wanda duk ya ƙirga ka, ko shi karɓa, ko shi kai labari. Ka manta halin da muke ciki? Sunanka ya fita da inji biyu, wa ka sani zai ji?"

Na san tsoronsa ba na banza ba ne. Haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni. Ashe Inna na jin mu daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ummaru, baƙon da ya ce ya ƙoshi, ana zuba mai tuwo?"



Ta ce, "To kun ce kun ƙoshi. Tashi ku tafi wurin mai gari."

Bayan magariba aka taru ƙofar mai gari, har da liman. An ja magana, an kai ruwa rana. A ƙarshe aka tsaya kan sharaɗi ɗaya: za a nuna komai, amma ba a rubuta sunan kowa. Na kwana a zaure kan tabarma, sauro ya yi biki da ni.

Bakin gulbi

Da hantsi motar su Malam Sanusi ta iso. Na tare shi da sharaɗin. Ya ce, "Suna me za mu yi da shi? Mu yanki muke aunawa, ba mutum ba." Wayyo, ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Mai gari ya ɗaga hannu, sai gari ya watse da fartanya. Jama'a, ban taɓa ganin irin wannan tono ba. Inji daga ƙarƙashin kara, inji daga bayan turken jaki, tiyo daga cikin rumbu. Wani dattijo da ya rantse wancan karon cewa ko guga ba shi da shi, sai ga shi da inji a ka, yana kallon gefe. Aka jera su bakin ruwa aka tayar. Na Yaya ɗaya ya ƙi tashi, ƙasa ta shiga cikinsa, ya yi ta ja yana tsaki har ya yi tari ya kama.

Baƙin suka bi lambu lambu, suna tambayar buhu nawa kadada ke bayarwa, mutum nawa ke ci a ciki, har mata masu tsinkar tattasai da masu jakunan dako. Malam Sanusi ya ce lissafin farko ya rushe, za a sake shi da abin da ido ya gani, kuma rabon rani zai biyo shi.

Amma dokar ba ta bar mu haka ba. Ya ce layin kwamin da ke dab da gaɓa sai a bar shi ga ciyawa, kuma ba sauran wanke tankin feshi a gulbi, don na ƙasa da mu shi suke sha. Yaya ya yi ta gunaguni, layinsa mafi kyau ke nan. Inna ta aiko a gaya masa wanda aka bar wa tukunya ba ya kuka kan ƙanzo.

Komawa

Washegari Malam Sanusi ya rage mini hanya a motarsu, muka shiga Sakkwato kafin magariba lafiya lau. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa maƙwabcin da bai riƙe magana a ciki ba, na gode wa Inna.

Da za mu taso, Yaya ya jawo buhun albasa ya sa mini a bayan mota. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce Allah ya yi mini albarka. Idona ya cika. Sai ya waiga dama da hagu, ya cire tsohon bargonsa ya lulluɓe buhun, ya raɗa mini a kunne:

"In an tambaye ka, ka ce ƙaiƙayi ne."