Ƙulin Inna Turai da Farfaɗiyar Anaca

Duk wanda ya taɓa cin ɗanwake ko garau-garau a Kangire ya ci man gyaɗar Inna Turai, ko ya sani ko bai sani ba. Shekara talatin da 'yan kai ke nan tana wannan sana'a a tsakar gidanta. Ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta mulmula tunkuza ta soya ƙuli. Ba ta ɗora wa kowa talla. Mata ne ke shigowa da kwalba da kwano, su saya, su ɗan taɓa hira su tafi. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ga damtse saboda juya muciya, ga baki kuma ba a magana.

Mijinta Malam Haladu tsohon direban babbar mota ne. Ya daɗe yana kai shanu da wake Kudu kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a zaure. Wasu direbobi kan yi wa matansu tsarabar atamfa ko kwanuka, shi kuwa aku ya kawo, har biyu, irin masu ruwan tokan nan da jar wutsiya. Aka sa wa kowanne sunan garin da aka sayo shi, ɗaya Fatakwal, ɗaya Anaca. Ranar da suka iso Inna Turai ta yi faɗa har muryarta ta dishe, wai me za ta yi da tsuntsun da ba ya ƙwai, ba a kuma yanka shi da salla. Ba a yi wata guda ba aka ji tana yi musu waƙar reno.

Fatakwal ɗan iska ne, ba ni da wani sunan da zan kira shi. Shi ne zai yi sallama da muryar babban mutum, mata su zabura neman mayafi, sannan ya bushe da dariya irin ta Malam Haladu. Anaca kuwa salihi ne. A kafaɗar Inna Turai yake zama, yana ɗan jan ɗankunnenta. Da 'ya'yanta suka yi aure suka watse, shi ya zama autan gidan, kuma ta lalata shi da gata. Gyaɗa zalla take ba shi, zaɓaɓɓiya, wai tsuntsun gidan gyaɗa ba zai ci dawa ba sai ka ce kaza. Wata rana kuma wata baƙuwa ta yaba kyansa ba ta ce tubarkalla ba, washegari aka tsinci gashinsa ɗaya a ƙasa. Daga ranar Inna Turai ta mai da kejinsa can ƙuryar ɗaki bayan gado, don gudun bakin mutane. Fatakwal da ba wanda ya taɓa yabonsa aka bar shi rataye a jikin zogale, yana shan rana yana tsinkar ganye.

Abin ya faru ne da hantsi, gida cike da masu saye. Inna Turai ta ɗan fito da Anaca a kafaɗa tana auna mai, sai kawai ya sulalo ya faɗi tim. Ƙafafu suka sandare, fukafukai na bugun ƙasa, ido ya juye. Batulu maƙwabciyarta, wadda ba abin da ke wuce ta a unguwar, ita ta fara ambaton sunan ciwon, farfaɗiya. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta zama wayam. Wata ta bar takalmi wari guda, wata ta bar kwalbarta, Batulu kuma ta fita da murfin tukunyar da ba tata ba.

A wajenmu an ɗauka farfaɗiya ana ɗaukarta. In kumfar bakin mai ita ta taɓa ka, ko ka ci a kwanonsa, wai shi ke nan ta kama ka. To ga tsuntsu mai farfaɗiya ya faɗi taku biyu daga kaskon suya, ga mai ƙulin ta sunkuce shi da hannunta. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa aku ko yawun kirki ba shi da shi, harshensa a bushe yake ƙamas. Kafin azahar labari ya kai Sundimina, a can har an ce kumfar ta cika kwano. Washegari ko mutum ɗaya bai shigo sayen mai ba, haka jibi, haka gata. Abin ya yi wa Inna Turai ciwo ƙwarai. Rashin cinikin da sauƙi a kan ganin matan da ta yi wa wankan jego suna ƙyamar abin da ya fito daga hannunta.

Sai aka shiga neman magani. Malam Haladu, wanda a wurinsa duk wata cuta ta duniya matsalar mota ce, ya duba tsuntsun sama da ƙasa ya yanke hukunci cewa batir ne ya yi sanyi. Batulu ta ba da shawara ta kan katanga, don ba ta yarda ta tako gidan ba, cewa a yi masa hayaƙin tsumma. Aka yi. Anaca bai warke ba, sai dai Fatakwal ya koyi tari, ya kuma riƙa yin sa duk lokacin da aka zo cin abinci.

Daga nan aka kira Malam Badaru mai ruƙiyya. Mutumin kirki ne, ya ce shi dai bai taɓa yi wa tsuntsu ba, amma zai jarraba. Bayan la'asar aka ajiye keji a gabansa, ya yi karatu mai tsawo, sannan ya ɗaure fuska ya tambayi wanda ke cikin jikin tsuntsun daga ina ya zo. Abin da Malam Badaru bai sani ba shi ne, wannan ita ce tambayar da Malam Haladu ya shafe shekaru yana koya wa akun amsarta don burge baƙi.

"Daga Anaca," in ji tsuntsun, rangaɗau.

Malam Badaru ya gyara zama, ya ce ai dama ya yi zargin baƙo ne daga nesa. Ya tambaye shi me yake so, aka ce masa gyaɗa. Ya daka tsawa ya ce ya fita ko ya ƙona shi, sai Anaca ya karkata kai ya amsa da muryar yaran mota, "Baya! Baya! Ya isa!" Ana cikin haka Fatakwal ya saki ƙarar waya daga jikin zogale, Malam ya katse karatu ya hau laluben aljihu. Da ya gane abin da ake ciki shi ma sai da ya yi dariya. Ya shafa addu'a, ya ce gaskiya wannan ba aikinsa ba ne, a nemi wani.

Sati uku ana haka. Mai ya fara sauya wari a jarka, ƙuli ya yi ta taruwa a daro, ciwon kuma sai ƙaruwa yake, don tsabar kunya ta sa ta ƙara tura kejin can cikin duhu. Malam Haladu ya kira ta zaure ya yi mata magana a hankali. Ya ce akwai mai maganin gargajiya a kasuwar Sara da ya daɗe yana neman jan gashin aku, zai karɓi tsuntsun gaba ɗaya, in ya bar gidan mata za su dawo. Inna Turai ta san abin da hakan ke nufi. Ta sha ganin busassun kawunan tsuntsaye a shimfiɗar irin waɗannan mutane. Ta yi kwana biyu tana juya maganar, a na uku ta sa Anaca a kwando, ta rufe da zane, ta hau mota zuwa Birnin Kudu don ta nemi motar Sara.

A tasha ciwon ya tashi. Ta ji kwando na jijjiga a kanta, ta sauke, ta zauna dirshan a ƙasa cikin mutane ta rungume shi har ya lafa. Da ya farfaɗo ya lalubo ɗankunnenta ya ja. Nan ta san ba inda za ta kai shi, ko da za ta rufe kaskon suya har abada. Wani dattijo mai janye da rago ya tsaya yana kallonta tana share hawaye, ya ce shi asibitin dabbobi za shi, in tana so ta biyo shi.

Haka ta shiga layi, gabanta rago mai zawo, bayanta bijimi mai tari, ita da aku a kwando. Likitar wata matashiya ce mai tabarau. Ta tambayi abin da yake ci, Inna Turai ta amsa da alfahari cewa gyaɗa zalla, ko ƙwayar dawa bai taɓa sawa a baka ba. Ta tambayi inda yake kwana, Inna Turai ta ce ƙuryar ɗaki, ko rana ba ta ganin sa. Likitar ta cire tabarau ta dube ta.

"Inna, ai gatan ne ya yi masa yawa. Jikinsa ya rasa abin da ke ƙarfafa ƙashi, kuma ba ya samun sa sai da rana da abinci iri-iri."

Ta yi masa allura, ta ba da maganin ɗigawa a ruwa. Ta ce a dafa ɓawon ƙwai a daka masa, a haɗa da zogale da gero, a kuma fito da shi rana kowace safiya. In ya faɗi a naɗe shi a zane mai laushi, ban da hayaƙi, ban da ɗura ruwa. Inna Turai ta yi ƙasa da murya ta tambayi abin da ya fi damun ta. Likitar ta ce ba a ɗauka, ba ta tsuntsu ba, ba ta mutum ba, ta mutum ma akwai maganinta a asibiti.

Da ta dawo ta ba da labari, Malam Haladu ya buga cinya ya ce ai shi ya faɗa tun farko, batir ne, ga shi an ce a shanya shi a rana kamar sola. Har yau ba wanda ya iya raba shi da wannan magana.

Anaca ya koma jikin zogale kusa da Fatakwal, a fili inda kowa zai gani. Inna Turai ta hau turmi ta leƙa ta katanga ta sanar da Batulu abin da likita ta ce, wanda daidai yake da sanar da gari. Ta ƙara da cewa ita da hannunta take ɗaukar sa, da hannun kuma take cin tuwo, sai su zuba ido su gani. Suka kuwa zuba. In ta fita barka ko gaisuwa, sai a buɗa mata fili a tabarma ana satar kallonta, ana jiran ta faɗi. Wata rana a gidan suna ta yi tuntuɓe da taɓarya, kafin ta kai ƙasa mata sun cika ƙofa suna salati. Ta miƙe ta karkaɗe zane, ta yi musu wankin babban bargo tun daga kan uwar ɗiya har mai rabon waina.

Faɗuwar Anaca ta ragu, daga kullum ta koma jefi-jefi. Amma ciniki bai dawo ba. Mutanenmu sun fi saurin yarda da abin tsoro a kan abin da zai kwantar musu da hankali, wannan hali kuwa yana ba ni haushi. Malam Haladu ne kaɗai ke cin ƙuli, safe da yamma, har haƙorinsa ɗaya ya fara girgiɗi.

Ranar wata Laraba da hantsi aka yi sallama, Inna Turai ta yi banza da ita tana zaton Fatakwal ne. Ashe Juwairiyya ce, wata mata mai shiru-shiru daga bayan masallaci, ba kwalba a hannunta ba kwano. Ta zauna ta daɗe tana kallon Anaca yana tsinkar zogale, sannan ta tambaya ko ɓawon ƙwan nan zai yi wa mutum. Inna Turai ta ce a'a, wannan na tsuntsu ne, na mutum sai asibiti. Sai kuma ta tuna Juwairiyya na da 'ya, Lailatu, wadda aka daina ganin ta a waje tun tana 'yar firamare. Kowa ya san dalili, ba dai a faɗa ne.

"Da gaske likitar ta ce ba a ɗauka?" in ji Juwairiyya, idonta a ƙasa.

Inna Turai ta tashi ta tsinko zogale ta dafa, ta daka ƙuli, ta yanka albasa, ta kwaɗa a babban kwano. Ta yafa mayafi ta ce su je.

Lailatu na zaune a bakin ƙofar ɗakinta, budurwa 'yar shekara goma sha tara, gefenta wani kwano da aka ɗiga wa jan fenti a gindi don kada ya gauraya da na gida. Inna Turai ta dire nata kwanon a gabanta, ta zauna, ta ce ta matso su ci. Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi kwaɗon.

"Inna, ai ni kwanona daban ne."

"Ni ma wata biyu ke nan ba mai cin abin hannuna. In ba kya ƙyamata, sa hannu."

Lailatu ta sa hannu a hankali, daga can bakin kwano. Inna Turai ta turo mata wajen da ƙuli ya fi yawa, ta kai loma, suka ci gaba da ci. Juwairiyya na tsaye riƙe da buta, hawaye na zuba ba ta share ba. Can ta tsuguna ta wanke hannu, ta matso ta zauna a tsakaninsu. Shekara goma sha ɗaya rabon da hannunta ya haɗu da na 'yarta a kwano ɗaya.