Bana Kai Za Ka Zaɓi Garin

Mu biyu ne a ɗakin, a wani tsohon bene da ke unguwar Al Khabaisi a Dubai, ni da wani mutumin Filato. Ni ina aikin takardun kago a ofishinmu na Al Sabkha, inda 'yan kasuwar Kano ke kawo kaya mu auna mu tura musu gida. Shi kuma yana can sito a Jebel Ali, yana lura da lodin kwantena. Kamfani ɗaya muke yi wa aiki, kamfanin ne kuma ya haɗa mu ɗaki. Ranar farko da na hangi gicciye a wuyansa na ce a raina, to fa, yau an haɗa ni da aiki. Sai ya buɗe baki ya gaishe ni da Hausar da ta fi ta wasu Kanawan tsabta. Tun daga ranar yake ce min Malam, ni kuma ina ce masa Mutumina, har muka shekara shida a haka.

Ciki ne ya fara haɗa mu. Mu duka biyun ba mu da wasa da abinci. Banda dogon hutun zuwa gida, akwai 'yan kwanaki biyar ko shida da kamfani ke ba mu idan zafin Dubai ya kai inda ya kai, lokacin da ko ƙarfen ƙofar mota ba ya taɓuwa. Kwanakin ba su isa a je Najeriya a dawo ba, zama a ɗaki kuma sai mutum ya haukace. Shi ne muka yanke cewa duk shekara za mu hau jirgi mu je wani gari na kusa, ba don komai ba sai don mu ci abincinsu. Zaɓen gari kuwa karɓa-karɓa ne, bana ni, baɗi shi.

Shekarar farko na zaɓi Salala ta ƙasar Oman, inda ake gasa naman rago a kan duwatsu masu zafi. Da shekara ta zagayo na ce masa, “Mutumina, ina muka nufa?”

Ya ce, “Duk inda ka ce, Malam.”

Ni kuwa da ma akwai gari a bakina. Indiyawan ofishinmu sun cika min kunne da shinkafar Kerala, sai na ce mu je can. Muka je, muka ci kifi da kwakwa har muka kasa tashi. Shekara ta uku tawa ce, na ce Zanzibar. Ta huɗu ya sake cewa duk inda na ce. Ƙa'idata uku ce ba ta canzawa: masallaci ya kasance kusa da masauki, yanka ya zama na Musulmi, jirgi kuma ya tafi kai tsaye. Bai taɓa musa ko ɗaya ba.

Abin da ke ba ni haushin kaina har yau shi ne, ni Bakano ne, a cikin kara aka haife ni. Na san idan ana cin abinci aka turo maka tsokar ƙarshe aka ce ɗauki, ba caraf za ka yi ka kai baki ba. Mayarwa ake yi, a ce a'a, kai dai ɗauki, sau biyu, sau uku, har a gane wanda yake so da gaske. Amma mutumin nan ya yi ta yi min kara, ni kuma tun a tayin farko nake cafkewa, ina ma yabon kaina wai na iya zaɓen gari. Kaico!

A shekara ta shida kwantiraginsa ya zo ƙarshe, ya ce ba zai sabunta ba, gida zai koma gaba ɗaya. Wata Juma'a na dawo daga masallaci, mun zauna muna cin abincin rana, sai na tuna wannan ce tafiyarmu ta ƙarshe. Zuciyata ta yi laushi. Na ce, “Bana kai za ka zaɓi garin.”

“Duk inda ka ce, Malam.”

“A'a. Kai za ka faɗa.”

“Haba Malam, ai ka fi ni sanin wurare.”

“Ka ga, kada ka ɓata min rai. Na ce kai za ka faɗa.”

Ya dube ni ya daɗe, kamar mai son ya tabbatar ba zolaya nake yi ba. Sannan ya wanke hannu, ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ya fito da wata taswirar duniya da ta sha ninki har ta fara yagewa. Ya shimfiɗa ta a ƙasa. Duk ta cika da zagaye-zagaye na jan biro.

Na san yana shan giya. Bai taɓa shigo da ita ɗakin ba, bai taɓa zuwar min da warinta ba, amma na san wani lokacin yakan je otal da abokan aikinsa. Abin da ban sani ba shi ne ashe ba ta kwalbar kamfani ce ta dame shi ba, wannan ya ce duk ɗanɗanonta ɗaya ne ko'ina ka je. Wadda ake dafawa kaɗan-kaɗan da hannu yake bibiya, wadda kowane gari ke da irin tasa, da abincin da ake ci da ita. Ya ɗora yatsa a kan Beljiyam da Jamus, ya ce can ne gidan abin, amma biza ba za ta samu ga irinmu ba, ya cire su. Afirka ta Kudu ta yi nisa ga kwana biyar. A Bangalo ta Indiya akwai samari masu dafa tasu a ƙananan tankuna a bayan gidajen abinci, amma ya ce kwaikwayon Turawa suke yi, ba abin da yake nema ba ne. Akwai wasu ƙauyuka a duwatsun Jojiya masu dafawa a manyan tukwanen tagulla, sai dai hanyar zuwa can kaɗai za ta cinye hutun. Yana magana idonsa na ƙyalli, ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba.

“Saura Habasha,” ya ce. “Jirgi kai tsaye ne. Mata ne ke dafawa a gida, da dawa da sha'ir, a tukwanen ƙasa. Idan ta nuna sai su kafa sanda a ƙofar gida su kifa gwangwani a kai, kowa ya san an sauke. Ga naman akuya, ga gahawa. Kai ma ba za ka ji yunwa ba, Malam, na duba maka.”

Sai a lokacin na lura, kusa da kowane jan zagaye akwai ɗan ɗigo na koren biro. Masallatai ne. Ya bi gari-gari ya nemo min inda zan yi salla.

Da mai hankali ne ni, da wannan koren biron ya ishe ni. Amma ni idan raina ya ɓaci bakina ke riga kaina tafiya. Na ji kamar an yaudare ni, wai duk shekarun nan ina zaune da mutum yana zana taswirar mashaya a ƙarƙashin gado. Na ture kwano na ce, “Amma ka raina ni! Ni zan hau jirgi in bi ka gidajen giya? Ka rasa abin da za ka je kallo a duniya sai matan banza masu dafa burkutu?”

Bai ɗaga murya ba. Ya fara ninke taswirar a hankali, yana bin tsohon ninkin. Da ya gama ya ce, “Uwata ce ta farko a cikinsu, Malam.”

Innalillahi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce tun kafin a haife shi take dafa burkutu a ƙauyensu. Da shi ta biya masa makaranta bayan rasuwar ubansa, da shi ta aurar da ƙannensa mata. Yanzu gwiwa ta hana ta tsayuwa a gindin murhu. Abin da yake so in ya koma shi ne ya karɓi hannunta, ya buɗe ɗan wuri mai tsabta a garinsu, ana sayar da gwate da gasasshen nama da abin da ta koya masa. Matsalar burkutu ita ce kwana biyu ya yi tsami ya lalace. Ya ji matan Habasha na sa wani ganye mai ɗaci da ke sa nasu ya ɗan daɗe, shi ne yake so ya gani da idonsa, ya tambaye su da bakinsa. Ya mayar da taswirar cikin akwati ya ce, “Ba komai. Mu koma Salala, naman nan ya yi daɗi.”

Kwana huɗu muka yi muna gaisawa kamar baƙi. Ina kwana, lafiya lau, a dawo lafiya. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A rana ta biyar wani dattijo ɗan kasuwa da ya daɗe yana turo kaya ta ofishinmu ya zo auna dilolin atamfa. Ya ga na yi kuskure sau biyu a takarda ɗaya, ya ce, “Kai, lafiyarka kuwa?” Na kwashe labarin na faɗa masa, ina sa ran zai ce na yi daidai. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, “Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne. Giya dai haramun ce, kada ka sha, kada ka saya, kada ka ɗauka, kada ka zauna inda ake sha. Wannan kowa ya sani. Amma zagin uwar mutum fa, wa ya halatta maka shi? Mutumin da ya bi ka gari biyar, in ka shiga masallaci ba a ƙofa yake jiranka cikin rana ba?”

Ban taɓa lissafa wannan ba. Gaskiya ne, a Salala, a Kerala, a ko'ina, in na shiga salla yana waje a zaune riƙe da jakata.

Ranar Asabar da safe muka tafi wurin mai sayar da tikiti a bakin titinmu, wani ɗan Pakistan da ya saba da mu. Ya ce, “To, bana ina?”

Mutumina ya ce, “Salala.”

Na ce, “Habasha.”

“Malam, bari. Salala.”

“Habasha na ce.”

“Ba sai ka takura kanka saboda ni ba.”

Mai tikiti ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, “Habibi, ya isa haka, ku fita waje ku shirya tukuna.” Sai na buga teburinsa har biro ya faɗi, na ce, “Wallahi tallahi in ba Habasha ba, ba inda za ni bana!” Mutumina ya san ba na wasa da rantsuwa. Aka buga mana tikiti, kowa ya biya nasa.

Muna fitowa, a kan matakalar shagon na tsayar da shi. Na ce, “Ka ji sharaɗina. Ba zan shiga gidan ba, a waje zan zauna in sha gahawata. Ba zan riƙe maka ko ƙoƙo ba. Kuma kada ka sa ran in ce Allah ya sa albarka a sana'ar nan, ba zan iya ba.”

Ya ce, “Ban tambaye ka ba, Malam.”

Har yau ban san ko duk malamai za su ce na yi daidai da na bi shi ba, ban kuma canza ra'ayina a kan giya ba ko ƙwayar zarra. Abin da na sani shi ne na ci mutuncin mutumin da bai taɓa cin nawa ba. Na ce, “Abin da na faɗa ranar Juma'a, ka yafe min.”

Ya ce, “Ai ba ni ka zaga ba.”

Ya ciro waya ya danna, ya yi 'yar magana da yarensu, sannan ya miƙo min. Na kara a kunne. Muryar wata tsohuwa ce, siririya, ana jin kukan kaji a bayanta.

“Malam, sannu, sannu. Yau dai Allah ya yi na ji muryarka. Ya aiki? Ya iyali a Kano?”

Na durƙusa a kan matakalar nan kamar tana gabana. Na ce, “Lafiya lau, Mama. Mun same ku lafiya?”

Ta ce, “Ya ce min ya faɗa maka aikina. Kada ka ga laifinsa da ya ɓoye, ni na hana shi. Tun da ya ce an haɗa shi ɗaki da mai salla na ce masa, kul, kada ka faɗa masa abin da uwarka ke yi, kada ya ji ƙyamar cin abin da ka dafa. A ƙasar mutane, mutum ya rasa wanda zai ci abinci da shi, ai ya shiga uku.”

Shekara shida ina sa hannu a tukunyar ɗanta. Na buɗe baki in ce ta yafe min, na rasa ta inda zan fara, don na gane bai faɗa mata abin da na kira ta ba.

Ta ci gaba, “To, tunda tare za ku je, ga amana. Tun yana yaro cikinsa ba shi da ƙarfi. Kada ka bari ya ɗanɗana komai sai ya ci abinci tukuna. Kai yake jin maganarka.”

Na ce to, Mama.